Lobsang Sangay: wa ya zaɓe shi, kuma me ya mulka tunda Tibet na hannun Chaina?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka ta iso ni, kace ka ga wani bidiyo ana hira da wani mutum mai suna Lobsang Sangay an rubuta "tsohon shugaban Tibet" a ƙasan hotonsa, kai kuma a saninka Tibet na ƙarƙashin Chaina tun zamanin kakanninmu, to wa ya zaɓe shi, me ya mulka, kuma anya ba ɗan amshin shatan Amurka bane da aka ɗora don a baƙanta wa Chaina rai?

Siyasar ƙasashen Asiya nake koyarwa, kuma lokacin da nake karatu a Delhi na sha shiga unguwar 'yan Tibet ta Majnu ka Tilla na zauna da matasansu muna gardama, don haka al'amarin nan na daɗe ina binsa. Eh zaɓensa akayi, zaɓe na gaske mai akwati da abokan hamayya da kamfen, har sau biyu, 2011 da 2016. Amma ko taku ɗaya na ƙasar Tibet bai mulka ba, shi kansa ma bai taɓa taka ƙasar ba. Abinda ya shugabanta gwamnatin 'yan gudun hijira ce dake Dharamsala a arewacin Indiya. Ni a ganina duk wanda ya auna shi da ma'aunin ƙasa da sojoji zai ce bai yi komai ba, alhali aikin da ya faɗo kansa wani ne daban, wato ya karɓi ikon da yake hannun mutum ɗaya da mutanensa ke ɗauka mai tsarki, ya riƙe shi a matsayin ɗan siyasa irin kowa da za'a iya zagi a kai ƙara kotu, sannan ya miƙa wa wani in wa'adi ya cika. Da wannan nake auna shi.

Bari mu ɗan koma baya don ba zaka gane mutumin ba sai ka san inda iyayensa suka fito. Sojojin Chaina sun shiga gabashin Tibet a Oktoban 1950, a 1951 aka sa wakilan Tibet hannu a yarjejeniyar nan mai sharuɗɗa 17 a Beijin. Ranar 10 ga Maris 1959 bore ya ɓarke a Lhasa babban birnin Tibet, bayan mako guda Dalai Lama, jagoran addini da mulkin Tibet, ya sulale da dare ya ƙetara duwatsun Himalaya, ya isa Indiya a ƙarshen watan, mutane wajen 80,000 suka biyo bayansa. Firaministan Indiya Nehru ya basu filaye suka kafa matsugunai, wasu a kan duwatsu wasu can kudu a jihar Karnataka inda zafi ya kashe da yawansu tunda mutanen sanyi ne. Mahaifin Sangay ɗan zuhudu ne na gidan ibadar Lithang a gabashin Tibet, wanda jiragen Chaina suka yi wa ruwan bama-bamai a 1956, shima yana cikin waɗanda suka gudo. A wani ƙauye kusa da Darjeeling aka haifi Lobsang a 1968.

Talauci ne sosai a gidan. Ɗan fili, kaji, da shanu uku, kuma ɗaya daga cikin shanun nan aka sayar aka biya masa kuɗin makaranta. Ya sha ba da labarin nan a wurin kamfen, kuma yana kama zuciyar mutanensa don kusan kowane gida a matsugunan nan yana da irinsa. Yayi makarantar 'yan Tibet a yankin Darjeeling, ya wuce Jami'ar Delhi yayi digiri sannan ya karanta lauya. A zamanin nan mai zafin kai ne, yana cikin shugabannin ƙungiyar matasan Tibet, wadda har yau ita ba ta yarda da komai ba sai cikakken 'yancin kai. Ka riƙe wannan don zamu dawo kansa. A 1995 ya samu tallafin karatu na Fulbright ya tafi Harvard, a 2004 ya gama digirin digirgir a fannin shari'a, shine ɗan Tibet na farko da ya samu wannan digirin a makarantar. Ya zauna can yana bincike, kuma abinda ya fi yin suna dashi shine haɗa taruka tsakanin malaman jami'a 'yan Chaina da 'yan Tibet, har da zaman da Dalai Lama yayi da malamai 'yan Chaina a Harvard a 2003. Wato yaron da ya taso yana zanga-zanga a ƙofar ofishin jakadancin Chaina ya koma mai shirya teburin tattaunawa da su.

To yanzu ita gwamnatin. Tsarinta ba na wasa bane. Tun 2 ga Satumba 1960 aka rantsar da majalisarsu ta farko, har yau suna bikin ranar a matsayin ranar dimokuraɗiyya. A 1991 suka yi kundin tsarin mulki. Majalisar tana da kujeru 45, goma-goma ga manyan yankunan Tibet uku wato U-Tsang da Kham da Amdo, bibbiyu ga ɗariƙun addinin Buddha huɗu da kuma addinin gargajiya na Bon, sauran biyar ɗin na mazauna Turai da nahiyar Amurka da ɓangaren Ostireliya. Abin lura anan shine mutum yana zaɓe ne da sunan yankin da iyayensa ko kakanninsa suka fito, yankin da galibi bai taɓa gani ba, kuma wannan tsarin shi ke rura wutar ɓangaranci a siyasarsu har gobe. Akwai majalisar ministoci da suke kira Kashag, ma'aikatu bakwai, ilimi, lafiya, kuɗi, cikin gida, tsaro, addini da al'adu, sai yaɗa labarai da hulɗa da ƙasashen waje. Akwai hukumar zaɓe, akwai mai binciken kuɗi, akwai hukumar shari'a da ke zaman kotun ƙoli a rigingimun cikin gida. Kowa yana da wani koren littafi da yake biyan ɗan haraji na sa-kai duk shekara ana buga masa hatimi, da shi ake zaɓe, da shi ake neman tallafin karatu ko aiki a gwamnatin.

Af, tunda na ambaci kujerun addini, da yawa basu san akwai musulmi 'yan Tibet ba, ana kiransu Khache, suna da masallatai a Lhasa tun ƙarnuka, da yawansu sun koma Srinagar a Kashmir bayan 1959. Ba'a ware musu kujera a majalisar ba.

Me gwamnatin ke yi kullum? Makarantu, asibitoci, kula da matsugunai a Indiya da Nepal, gidajen tsofaffi, karɓar sababbin 'yan gudun hijira, da ofisoshin wakilci a birane irinsu Washington da Geneva da Tokyo da Pretoria. Ƙidayar da suka yi a 2009 ta nuna mutum wajen 128,000 ne a waje, kusan 94,000 a Indiya. Waɗanda ke cikin Tibet kuwa sun haura miliyan 6 kuma ko ɗaya baya iya jefa ƙuri'a, hoton Dalai Lama ma in an kama ka dashi ka shiga uku. Don haka in wani yace maka ai mutum dubu hamsin ko sittin ne suka zaɓi shugaban mutum miliyan shida, lissafinsa daidai ne, kuma wannan rauni ne na gaske da ba'a ɓoye shi. Babu kuma ƙasa ko ɗaya a duniya da ta amince da gwamnatin a hukumance, har Indiya da ta basu masauki, har Amurka.

Shekarar 2011 itace tsakiyar labarin, anan zan ɗan daɗe. Tun 1642, zamanin Dalai Lama na biyar, mulkin Tibet da jagorancin addini suna haɗe a kujera ɗaya. Dalai Lama na yanzu, na 14, ya daɗe yana sassauta wannan, a 2001 ya sa jama'a suka zaɓi shugaban ministoci kai tsaye, aka zaɓi Samdhong Rinpoche, babban malami ɗan zuhudu, yayi zango biyu. Amma duk da haka komai sai Dalai Lama ya sa hannu. Sai ranar 10 ga Maris 2011, saura kwana goma zaɓe, ya fito yace zai sauka daga duk wani iko na siyasa ya bar wa wanda jama'a suka zaɓa. Wallahi mutanensa basu so ba. Majalisa ta roƙe shi ya janye yaƙi, aka kira babban taro na wakilan al'umma suka ce to ko shugabancin jeka-na-yi-ka ne ya riƙe, irin na sarauniyar Ingila, nan ma yaƙi. A ƙarshen Mayu aka gyara kundin ya sa hannu. Ka duba fa, a yawancin wurare jama'a ne ke fama da mai mulki ya saki, anan mai mulkin ne yake fama da jama'a su karɓa.

Dalilinsa kuma ba ɓoyayye bane. Mutum ne da ya haura 75 a lokacin, ya san zai mutu, ya kuma san abinda Chaina ke jira. A aƙidarsu in Dalai Lama ya mutu ana neman yaron da suke cewa ya dawo a jikinsa, sai a raine shi, a ɗauki kusan shekara ashirin kafin ya iya jagoranci. Ya ga abinda ya faru a 1995 da kujera ta biyu a girma, ta Panchen Lama, ya ayyana wani yaro ɗan shekara 6 mai suna Gedhun Choekyi Nyima, cikin 'yan kwanaki hukumomin Chaina suka ɗauke yaron da iyayensa, har yau ba'a sake ganinsa a bainar jama'a ba, suka naɗa nasu. A 2007 kuma suka yi doka cewa duk wani irin wannan naɗi sai da izinin gwamnati. To in mulkin siyasa na liƙe da kujerar Dalai Lama, duk wanda ya kama yaron ya kama gwamnatin kenan. Shi yasa ya raba su tun yana raye, don ranar da babu shi a tarar akwai shugaban da halaccinsa daga ƙuri'a ya fito.

Aka yi zaɓe ranar 20 ga Maris 2011, 'yan takara uku, Sangay da Tenzin Namgyal Tethong da Tashi Wangdi, biyun nan tsofaffin hannu ne da suka shafe shekaru a gwamnatin, shi kuwa bai taɓa riƙe ko da ƙaramin ofis a cikinta ba. Abinda ya bambanta shi shine ya zaga, matsuguni bayan matsuguni, gidajen ibada, makarantu, yana neman ƙuri'a da bakinsa, abinda dattawa ke gani rashin kunya ne don a al'adarsu mutumin kirki baya cewa ku zaɓe ni, sai dai a roƙe shi yana nonnoƙewa. Mutum wajen 49,000 suka yi zaɓe cikin sama da 83,000 da suka yi rajista, ya samu kashi 55 cikin ɗari. A Nepal ma ba'a barsu ba, tun a zagayen farko 'yan sanda suka kwashe akwatunan zaɓe a Kathmandu saboda matsin Chaina. Aka rantsar dashi ranar 8 ga Agusta 2011 da ƙarfe 9 da minti 9 da daƙiƙa 9 na safe, Samdhong Rinpoche ya miƙa masa hatimin Kashag da ya samo asali tun ƙarni na 18. A 2012 aka canza sunan kujerar daga Kalon Tripa zuwa Sikyong, ma'ana jagoran siyasa.

Ya hau a mummunan lokaci. Kwana huɗu kafin zaɓen wani matashin ɗan zuhudu a Ngaba, wani yankin 'yan Tibet dake cikin Chaina, ya banka wa kansa wuta don nuna adawa da mulkin Chaina, daga nan abin ya zama kamar annoba, a 2012 kaɗai sama da mutum 80, jimilla kuma sun haura 150 daga 2009 zuwa yau, 'yan zuhudu, makiyaya, ɗalibai, har iyaye mata. Ni musulmi ne, kashe kai haramun ne a wurinmu kuma bana yabon aikin, amma duk lokacin da na karanta sunayen nan da shekarunsu, 17, 19, 20, jikina yana mutuwa, don sai ƙunci ya kai wani matsayi kafin yaro ya zaɓi wannan. Sangay ya shiga gaba kura baya sayaki. In ya yabe su Beijin tace ga mai zuga su nan, kuma wasu yaran su biyo baya. In ya tsine musu ya ci mutuncin iyalan da suka rasa 'ya'yansu. Abinda yayi shine ya riƙa roƙon mutane kada su ɗauki irin wannan matakin, yana kuma ɗora alhakin a kan manufofin Chaina, yana halartar addu'o'in mamatan. Na daɗe ina tunanin ko akwai wata hanyar da ta fi wannan ban gano ba.

Sai batun tattaunawa da Chaina, kuma anan gaskiya bai samu komai ba, ko zama ɗaya. Tsakanin 2002 da 2010 wakilan Dalai Lama sun yi zama tara da jami'an Beijin, na ƙarshe a Janairun 2010. A Yunin 2012 wakilan biyu, Lodi Gyari da Kelsang Gyaltsen, suka ajiye aiki don sun gaji. Beijin tace ita sam bata magana da Sangay, gwamnatinsa haramtacciya ce. Matsayin da ya tsaya akai shine wanda suke kira hanyar tsakiya, wato ba'a neman ɓallewa, cin gashin kai na gaske ake nema a cikin Chaina, harshe da addini da ilimi da muhalli su zama a hannun 'yan Tibet. Ka tuna nace maka a ƙuruciyarsa ɗan 'yancin kai ne zalla? To a 2013 a wani taro a Washington har ya nuna cewa basu ƙalubalantar mulkin jam'iyyar Kwaminis, basu kuma sharɗanta dimokuraɗiyya a cikin Tibet ba, matasa suka yi masa ca, suna cewa to me ya rage kenan da ake fafutuka akai? Ni ina ganin ya zarce a wannan maganar, ya bayar da abu mai yawa ga wanda bai ma zo teburin ba. Sai dai adalci shine a faɗi wa yake fuskanta. A watan da aka rantsar dashi aka tura Chen Quanguo ya shugabanci jam'iyya a Tibet, ya cika garuruwa da ƙananan ofisoshin 'yan sanda da masu sa ido unguwa-unguwa, kuma shi ɗinnan ne aka mayar Xinjiang a 2016 inda aka gina sansanonin tsare musulmi 'yan Uighur. A ƙarshen 2012 Xi Jinping ya hau. Kafin 2008 mutum dubu biyu zuwa uku ke tsallakowa ta Nepal duk shekara, a zamanin Sangay abin ya koma ɗaruruwa, daga baya 'yan gomomi. Ko waye a kujerar nan ƙofar a rufe zai same ta.

A cikin gida yayi abubuwan da ba'a cika faɗa ba. Ya riƙe ma'aikatar ilimi da kansa a zangon farko, ya faɗaɗa tallafin karatu, aka fara tsarin inshorar lafiya na al'umma, aka shawo kan Indiya ta fara miƙa musu makarantun da take gudanar wa 'ya'yansu, a 2014 kuma Indiya ta fitar da manufa kan 'yan gudun hijirar Tibet da ta tanadi takardar haya ta shekara 20 a filayen matsugunai. Wanda bai san zaman mutumin da ya shekara hamsin a fili babu takarda ba zai ga abin ƙarami ne.

Yanzu tambayarka ta Amurka. Kada wanda ya ruɗe ka cewa babu hannunta, akwai. Tun shekarun 1950 hukumar leƙen asirin CIA ta horar da mayaƙan Tibet har a Colorado ta basu makamai, da shugaban Amurka Nixon ya nufi sasantawa da shugaban Chaina Mao kuma ta watsar dasu kamar bata taɓa saninsu ba, dattawansu basu manta ba. Amurka ta daɗe tana ba da kuɗin tallafi ga matsugunan, shi kansa Sangay ya zauna can shekara 16 kuma fasfon Amurka yake riƙe dashi, abokan hamayyarsa sun sha goranta masa. Manyan nasarorinsa na waje ma a can ya same su, dokar 2018 da ta tanadi hana biza ga jami'an Chaina masu hana Amurkawa shiga Tibet, da dokar Disambar 2020 da tace zaɓen magajin Dalai Lama hakkin mabiya addinin ne kaɗai kuma za'a iya ƙaƙaba takunkumi ga jami'in da ya tsoma baki. A Nuwamban 2020 ya shiga fadar White House a hukumance, karo na farko da aka bar shugaban gwamnatin ya shiga cikin shekara 60, kuma kowa ya san lokacin ne Trump ke tsaka da rigima da Beijin. Don haka eh Amurka na amfani da su idan ta ga dama. Amma amfani da mutum daban, ƙirƙirarsa daban. Ba Amurka ta rusa Lithang ba, ba ita ta sa tsofaffi suka yi layi cikin sanyi da koren littafi a hannu ba. Wanda bashi da ƙasa duk ƙofar da ta buɗe nan yake shiga, kuma ƙofofin kaɗan ne. Afirka ta Kudu ta hana Dalai Lama biza a 2011 lokacin da Desmond Tutu ya gayyace shi bikin cikarsa 80. Mu nan Najeriya a 2017 ofishin Taiwan ma, tsibirin da Chaina ke cewa nata ne, cewa akayi ya tashi daga Abuja ya koma Legas, balle a saurari 'yan Tibet. Ita kanta Indiya da ta gayyaci Sangay rantsar da firaminista Modi a 2014, a 2018 da take son gyara da Beijin sai ta umarci jami'anta su ƙaurace wa bikin godiya da 'yan Tibet suka shirya mata, dole aka ɗauke taron daga Delhi zuwa Dharamsala.

Zangonsa na biyu shine wanda na fi jin takaicinsa. Zaɓen 2016 yayi muni, zage-zage a Facebook, ɓangaranci, kowa na jan ɗan yankinsu. Akwai ɗan takara mai suna Lukar Jam, tsohon fursunan siyasa mai ra'ayin cikakken 'yanci, ya zo na uku a zagayen farko, hukumar zaɓe ta fito da ƙa'idar da ta bar mutum biyu kawai a zagaye na biyu, da yawa suka ga dashi ake. Sangay ya kayar da kakakin majalisa Penpa Tsering da kashi 57, amma abin yayi ƙazantar da sai da Dalai Lama ya nuna ɓacin ransa a fili, su biyun suka fito tare suka nemi gafarar jama'a. Don a ɗinke ɓaraka sai ya naɗa Penpa wakili a Washington, a ƙarshen 2017 kuma ya tsige shi, Kashag ta fitar da dalilai goma. Tushen rigimar wani bashi ne na dala miliyan ɗaya da rabi da aka sayi ginin ofishinsu na Washington dashi da yadda aka rubuta shi a littafin kuɗi. Penpa ya kai ƙara gaban hukumar shari'arsu cewa an ɓata masa suna, shari'ar da kowa ya sani da ƙara mai lamba 20, a Oktoban 2019 aka yanke hukunci Penpa yayi nasara, aka umarci Sangay da ministocinsa su ba shi haƙuri a fili. Ka tuna hukumar nan bata da ɗan sanda ko ɗaya, bata da gidan yari, a ƙasar wasu take zaune, da Sangay yace bazai bi ba babu mai kama shi. Sun ja ƙafa amma suka bi. A ganina laifin rigimar nan mafi yawa nasa ne, mutum ne mai son a ganshi kuma baya ɗaukar suka da sauƙi, ya bar al'umma a rabe fiye da yadda ya same ta. Amma ranar da shugaba mai ci ya sunkuya wa hukuncin kotun da bata da sanda, a ranar na yarda abin da Dalai Lama ya dasa ya kama ƙasa.

Kundinsu zango biyu ya yarda dashi, kuma bai nemi tazarce ba. A 2021 na hannun damansa Kelsang Dorjee Aukatsang ya tsaya, Penpa Tsering ya tsaya, mutum kusan 64,000 suka yi zaɓe a ƙasashe da dama ana tsakiyar korona, Penpa ya ci da ƙuri'a 34,324 shi kuma ɗayan 28,907. Ana cikin haka majalisa ta tsige alƙalan hukumar shari'a su uku a watan Maris, har aka rasa gaban wa sabon shugaba zai yi rantsuwa, rikicin da ya hana sabuwar majalisa zama na tsawon watanni. Duk da haka ranar 27 ga Mayu 2021 Sangay ya miƙa hatimin nan ga mutumin da ya tsige, wanda ya kai shi kotu ya kuma kayar dashi. Ya koma Harvard yana bincike da lacca, shi yasa kake ganinsa a bidiyo ana ce masa tsohon shugaba.

Kada kuma ka haɗa shi da wasu 'yan asalin Tibet da aka zaɓa a gwamnatocin wasu ƙasashe, don sunayensu na yawo tare. Akwai Bhutila Karpoche da aka haifa a Nepal ta koma Toronto tana budurwa, a 2018 aka zaɓe ta majalisar lardin Ontario a Kanada, akwai Aftab Pureval magajin garin Cincinnati a Amurka tun 2022, mahaifiyarsa 'yar gudun hijirar Tibet ce mahaifinsa ɗan Indiya. Su waɗannan, mutanen Kanada da Amurka aka zaɓe su su wakilta. Fitowarsu tana nuna wata matsala da Sangay ya gada ya kuma bar wa magajinsa, matasa na barin matsugunan Indiya zuwa Turai da Amurka, makarantu na raguwa, gidajen ibada sun koma ɗaukar yara daga wasu al'ummomin Himalaya, kuma yaron da ya tashi a Toronto ko Zurich da fasfo a aljihu sai an yi da gaske kafin ya ci gaba da biyan harajin koren littafi.

Dalai Lama ya cika 90 a Yulin 2025, kuma 'yan kwanaki kafin nan ya sanar cewa kujerar zata ci gaba bayansa, kuma ofishinsa ne kaɗai ke da hurumin gano magajin. Beijin ta mayar da martani nan take cewa sai da amincewarta. Kusan kowa da ke bin lamarin yana sa ran za'a wayi gari da Dalai Lama biyu, na Beijin da na 'yan gudun hijira, duka yara ƙanana, kuma tsawon shekarun da za'a ɗauka kafin su girma mai riƙe da kujerar Sikyong ne zai yi magana da yawun waɗanda ke waje.